Littafin Mai Haƙa Burtsatse: Yadda Ake Karanta Dutsen Da Ido Bai Gani A Gaya Da Ajingi

A dogon hutun da ya wuce na yi kwana uku a zaune kan wata tsohuwar taya a ƙauyen kakannina da ke ƙasar Ajingi, waya a hannun hagu, biro a hannun dama, littafi a kan cinya, ina kallon injin haƙa rijiyar burtsatse. Yaran gari sun zaci ma'aikacin gwamnati ne aka turo. Shi kuwa mai injin, wani dattijo da tafin hannunsa ya yi kanta saboda riƙon ƙarfe, da ya gaji da ganina sai ya ce, "Kai ɗan boko, me kake ta rubutawa tun safe? Ko kuɗin aikinmu kake lissafawa?"

Na ce, "A'a Baba, mintocin da kowace sanda ke ci kafin ta nutse nake rubutawa."

Ya yi dariya ya nuna kunnensa da yatsa, wato shi a nan nasa littafin yake. Kuma gaskiyarsa ce. Daga ƙarar injin kaɗai yana iya gaya maka ko yashi ake ci ko yumɓu. Amma ranar da ya naɗe kayansa ya tafi, da kunnensa zai tafi, a bar mutanen gari da rami da famfo, ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa.

Ba haka kawai na zauna shan rana ba. Shekara biyu kafin nan mutanen garin sun yi karo-karo, wasu suka sayar da awaki, 'ya'yan gari da ke neman kuɗi a Kano da Legas suka aiko da nasu, aka kira wani ɗan kwangila. Ya zo da irin injin da ke dukan dutse da guduma yana huro ɓurɓushi da iska. Bai yi nisa ba ramin ya rufta a kan bakin injin. Kwana ɗaya da wuni suna fama kafin su zaro shi, sannan suka loda kaya suka tafi. Kuɗin gari ya bi ruwa, ruwan kuma bai zo ba. Sa'anninku, ƙannena, su ne suka ci gaba da sammako da jarkoki kafin su wuce makaranta a makare. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ko gutsuren takarda mutumin bai bari ba. Da sabon mai injin ya tambayi a mita nawa ramin farko ya rufta, kowa da amsarsa.

Ni ɗalibin ilimin duwatsu ne a jami'a, kuma a ajinmu an fara koya mana yadda injiniyoyi ke ƙiyasta ƙarfin dutsen da ke can ƙasa, da irin matsin da ke kansa, ta hanyar bayanan da ake tarawa yayin haƙa. A littattafanmu misalan duk na rijiyoyin man fetur ne. Na so in ga ko abin zai yi aiki a burtsatsen ƙauye.

Ƙarfi daban, matsi daban

Ku soka yatsa cikin tuwon da ya kwana, ku zare. Ramin yana nan. Ku soka cikin kwanon gero, ku zare. Ramin ya rufe tun kafin yatsan ya gama fita. Duk ilimin da nake son mu tattauna yana cikin wannan ɗan gwaji.

Abu biyu ne ke kokawa a jikin kowane rami. Akwai matsi, wato nauyin ƙasa da duwatsun da ke sama da kuma turin da ke zuwa daga gefe, suna neman rufe ramin. Akwai kuma ƙarfi, wato iya matsin da ƙasar ko dutsen wurin zai jure kafin ya farfashe ko ya zube. Idan ƙarfi ya rinjayi matsi, rami ya tsaya. Idan matsi ya rinjaya, ya rufta. Mai haƙa ba zai iya sauka cikin ramin da faɗinsa bai wuce tafin hannu guda da 'yan kai ba ya duba. Dole ya ƙiyasta daga sama, da abin da injin ke nuna masa da abin da ramin ke amayowa.

Ƙasa iri biyu a yanki ɗaya

Abin da ya sa wannan magana ta shafi Gaya da Ajingi fiye da wurare da yawa shi ne inda Allah ya ajiye su. Yawancin Jihar Kano, musamman kudu da yamma, tana zaune ne kan tsohon dutse mai tauri, dangin giranit da makamantansa, wanda da yawansa ya kai shekara miliyan 600 ko fiye. A wasu wurare yana leƙowa fili, a mafi yawan wurare kuma ruɓaɓɓen dutse da marmara da jar ƙasa sun lulluɓe shi. Amma idan ka nausa arewa maso gabas, wajen Jigawa da Yobe har Barno, sai wannan dutse ya riƙa nutsewa ƙasa, yashi da yumɓu da tsakuwa su hau kansa hawa-hawa. Masana na kiran waɗannan shimfiɗu da sunan Tafkin Chadi, domin koguna da tsoffin tafkuna ne suka tara su a cikin kwarin Chadi a 'yan shekaru miliyan kaɗan da suka wuce. A lissafin duwatsu jarirai ne, ko gama daskarewa ba su yi ba.

Iyakar waɗannan ƙasashe biyu ta bi ta gabashin Kano, kuma ba miƙaƙƙen layi ba ce irin na rula. Tana lanƙwasa, tana shiga tana fita, ga kuma rairayin jigawa da iska ta shimfiɗa a sama ya ɓoye komai. Mutum zai iya tashi daga Wudil, ya bi ta Gaya, ya karkata zuwa Ajingi, idonsa bai ga wani bambanci ba sai gonakin gero da gyaɗa. Can ƙasa kuwa labarin ya sauya. Don haka abin da ya yi aiki a Kademi ba lalle ya yi a Toranke ba, kuma maƙwabtan ƙauyuka biyu ma kan sha bamban. Ɗan kwangilarmu na farko ya zo ne da kayan aikin dutse, ya tarar da kwanon gero.

Ba yau mutanen wannan yanki suka fara karatun dutse ba. Labarin baka ya ce maƙeran Gaya, Abagayawa, neman tama ne ya kai su Dutsen Dala. Wanda zai bambance dutsen da ke da ƙarfe da wanda ba shi da shi ta launi da nauyi a hannu, ai ɗan'uwanmu ne a sana'a.

Lissafin da ɗan aji biyar zai iya

Mu fara da matsin da ke zuwa daga sama, don shi ya fi sauƙi. Duk wanda ya shiga ajin Fiziks na babbar sakandare ya haɗu da ƙa'idar matsin ruwa: densiti sau ƙarfin jan ƙasa sau zurfi. Ita ce dai ake amfani da ita ga ƙasa da dutse. Densiti shi ne nauyin abu idan aka yanko shi mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi. Na ruwa kilo 1,000 ne. Na jiƙaƙƙen yashi kusan kilo 2,000. Na giranit wajen kilo 2,600 zuwa 2,700. Ƙarfin jan ƙasa mu ɗauke shi 10, yadda malamai ke yi a jarrabawa.

To a zurfin mita 30 cikin yashi: 2,000 sau 10 sau 30, ya ba mu faskal 600,000. Idan wannan adadi bai ce muku komai ba, ku duba shi ta nan: kowane murabba'in mita ɗaya a wannan zurfi yana ɗauke da tan 60. Tirelar siminti mai buhu 600 tan 30 ce. Ke nan tirela biyu a kan wurin da bai kai girman tabarma ba.

Sai dai ba ƙwayoyin yashi kaɗai ke ɗaukar wannan kaya ba. Ruwan da ke cikin ƙofofin da ke tsakaninsu shi ma yana da nasa matsi, yana tura ƙwayoyin su rabu. Wani injiniya ɗan ƙasar Ostiriya, Karl Terzaghi, shi ya fayyace wannan a shekarun 1920: matsin da ke haɗe ƙwayoyin ƙasa da juna shi ne jimlar nauyin sama idan aka debe matsin ruwa. A ce idan aka haƙa rijiya a gari ana samun ruwa a mita 10. A mita 30 akwai ruwa mai tsayin mita 20 a sama, matsinsa 1,000 sau 10 sau 20, wato faskal 200,000. Saura 400,000 shi ne rabon yashin.

Yanzu ku hango abin da ya faru da raminmu na farko. Iskar kwamfireso ta fitar da duk ruwan da ke cikin ramin, ta bar shi fayau. A waje da bango ruwa na turowa da ƙarfin faskal dubu ɗari biyu, a ciki kuma babu mai tare shi. Yashi ba shi da danƙon da zai riƙe kansa. Ruwa ya kwararo ciki, ya kwaso yashi, bango ya zaftare. Ba aljanu, ba hannun maƙiya, kodayake na ji an ambaci duka biyun a dandali.

Baba mai injin na biyu da ruwan laka ya yi aiki. An haƙa ramuka biyu a gefe, aka dama wani farin yumɓu mai suna bentonayit da ruwa har ya yi kauri kamar koko, famfo na tura shi ta cikin sandunan haƙa ya fita ta baki, ya dawo sama ta gefe ɗauke da ɓurɓushi. Ramin kullum cike yake taf. Idan densitin lakar 1,100 ne, matsinta a mita 30 ya zama faskal 330,000, ya fi 200,000 na ruwan waje. Lakar ce yanzu ke tura bango, tana kuma shafe shi da siririn yaɓe kamar yadda ake yaɓe ɗaki. Shi ya sa ramin ya tsaya har aka zura bututu.

Kada wani ya ce to a ƙara kauri kawai a huta. Idan laka ta yi nauyi fiye da kima sai ta tsaga bangon ta tsere cikin ƙasa, ko ta toshe ƙofofin yashin da ake fatan ruwa ya fito ta cikinsu, a gama rijiya a rasa ruwa. Tsakanin "ta yi ruwa-ruwa" da "ta yi kauri" akwai 'yar tazara, kuma gano wannan tazara shi ne rabin aikin injiniyan haƙa a ko'ina a duniya. Baba yana gane tasa ta hanyar tsoma hannu ya ga yadda lakar ke ɗiga daga yatsunsa. A makaranta an nuna mana mazurari da ma'auni na musamman. Na gwada na ga hannun nasa bai cika kuskure ba, amma hannu ba ya rubutuwa a takarda.

Abin da mintoci ke faɗa

Ƙarfin dutse fa? A ɗakin gwaji ana yanko dutse kamar gwangwanin madara, a sa shi a injin matsa, a yi ta ƙara nauyi har ya fashe. Lafiyayyen giranit yakan jure megafaskal 100 zuwa 250 (megafaskal ɗaya faskal miliyan ɗaya ne). Ruɓaɓɓen da ke samansa wani sa'in da hannu ma za ka marmashe shi. To amma burtsatsen ƙauye ba ta fito da dunƙulen dutse, gari take fitarwa. A nan agogo ke shigowa.

Haƙa ba komai ba ce illa fasa dutse. Idan nauyin da aka ɗora wa baki bai sauya ba, saurin juyawa bai sauya ba, to lokacin da sanda ke ɗauka ta nutse yana bin taurin abin da ake ci. A 1965 wani mai bincike mai suna Teale ya nuna cewa idan ka lissafa ƙarfin da injin ya kashe wajen fasa wani adadi na dutse, kuma injin yana aiki yadda ya kamata, amsar takan zo kusa da ƙarfin dutsen da ake samu a ɗakin gwaji. Kamfanonin mai har yau suna amfani da wannan tunani, sai dai su kwamfuta ce ke yi musu rubutun kowane daƙiƙa.

Ni agogon waya ne kwamfutata. Sandunan Baba mita uku-uku ne. Na farkon sun yi ta shigewa cikin minti huɗu, biyar, ɓurɓushin da na tara a rariya jan rairayi ne. Can sai sanda ta fara cin kusan rubu'in awa, ƙarar injin ta yi nauyi, abin da ke fitowa dunƙule-dunƙule ne masu danƙo, launin toka. Yumɓu ke nan. A nan na kusa yin kuskure, na rubuta "wuri mai ƙarfi". Baba ya ce ba tauri ba ne, yumɓun ne ke liƙe wa baki yana hana haƙoransa ci. Wannan darasi ne da ban samu a aji ba: minti kaɗai ba ya isa hujja, sai an haɗa shi da abin da ke cikin rariya. Haka ma idan baki ya dakushe, ko famfo ya rage ƙarfi, lokaci zai ƙaru alhali ƙasa ba ta sauya ba. Don haka duk sauyin da aka yi wa injin shi ma sai an rubuta.

Bayan yumɓun sai sanda biyu suka faɗa da sauri, rariya ta cika da farin yashi mai manyan ƙwayoyi masu santsi, irin wanda ruwa ya daɗe yana mirginawa. Lakar ramin ta ragu, ta kuma tsinke. Fuskar Baba ta saki. Nan ruwan yake, kuma nan ne wuri mafi rauni a duk ramin. A daidai nan aka sa bututu mai tsaga-tsaga, aka zuba wankakkiyar tsakuwa a bayansa don ta tare yashi ta bar ruwa ya wuce. Da aka ƙara gaba kaɗan, ɓurɓushin ya koma mai kaifi-kaifi da ƙyalƙyali, sandar ƙarshe ta fi awa guda ba ta shiga rabi ba, injin na ta tsalle. Mun taka tsohon dutsen. Aka tsaya.

Makonni kaɗan bayan haka na je kallon wata haƙar a kudancin Gaya, inda aka yi aiki da guduma da iska, irin injin da ya ba mu kunya. A can shi ne daidai. Bayan jar ƙasa da ruɓaɓɓen dutse aka shiga lafiyayye, ƙura fara fat tana tashi, sanda na cin minti ashirin ko fiye. Bututun kariya iyakarsa kan dutsen, daga nan zuwa ƙasa rami tsirara aka bari. Mu duba ko ganganci ne. A mita 60 matsin sama bai wuce 2,600 sau 10 sau 60 ba, wato kusan megafaskal ɗaya da rabi. Dutsen kuwa yana jure ɗari ko fiye. Ko an ninka matsin sau goma bai ji komai ba. A irin wannan wuri ruwa ba cikin jikin dutsen yake ba, cikin tsagoginsa yake da kuma ruɓaɓɓen ɓangaren da ke samansa. Alamar tsaga ita ce sanda ta zabura ƙasa ba zato, ƙura ta koma caɓi, ɓurɓushi ya fito da launin tsatsa.

Idan rami ya kai kilomita huɗu

Burtsatsenmu ba ta kai zurfin da dutse mai tauri zai ji jiki ba. Rijiyar mai daban ce. A watan Oktoba na 2019 kamfanin NNPC ya sanar da samun mai a rijiyar Kolmani ta biyu, a kan iyakar Bauchi da Gombe, rijiyar da zurfinta ya haura mita 4,000, kuma a Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya je ya ƙaddamar da aikin wurin. Ku yi lissafin da kanku: a irin wannan zurfi nauyin sama ya doshi megafaskal 100. Yanzu matsi ya kamo ƙarfin duwatsu da yawa, kokawar ta zama ta gaske.

A nan turin gefe ke zama abin damuwa. Ɓawon duniya ba a kwance yake lumui ba. Manyan faifansa na tura juna a hankali, don haka dutsen da ke ƙasa yakan sha matsi daga wata fuska fiye da wata, misali daga gabas da yamma fiye da kudu da arewa. Idan aka huda rami, kayan da dutsen da aka cire yake ɗauke da shi dole maƙwabtansa su ɗauka, kamar yadda idan mutum ya zame daga gayya kunyarsa ke komawa kan na dama da na hagunsa. Wani injiniya Bajamushe mai suna Kirsch ya lissafa wannan tun 1898: idan ana matsa faranti mai zagayayyen huji daga fuska ɗaya kawai, matsin da ke gefen hujin yakan ninka sau uku.

Ku gwada a gida. Ku samu yankin tsohuwar katifa, ku yanke zagayayyen huji a tsakiya, ku matsa daga sama da ƙasa. Hujin zai baje ya koma kamar ƙwai, gefensa na dama da na hagu ne za su tattare. A rijiya mai zurfi, waɗannan gefuna biyu ne ke ɓarewa su zubo. A 1979 wasu masana biyu, Bell da Gough, da suka duba rijiyoyin mai na lardin Albata a Kanada, suka nuna cewa wannan ɓarewa tana bin fuska ɗaya a rijiyoyi masu yawa, kuma tana nuna inda turin ƙasa ya fi ƙarfi. Ana auna ta da wata na'ura mai hannuwa huɗu da ake zurawa cikin rami, tana buɗewa tana tsukewa gwargwadon faɗin bango. Abin da da ake ɗauka ɓarna ce kawai ya zama kamfas. Daga irin waɗannan bayanai da na girgizar ƙasa aka fara haɗa taswirar matsin duniya a 1986, kuma har yanzu ana ƙara mata bayanai.

Akwai wasu dabaru biyu da suka burge ni. Ta farko, a rufe bakin rami a yi ta tura laka a hankali ana kallon ma'auni. Matsi zai yi ta hawa, sai can ya daina hawa yadda ya saba, alamar dutse ya fara buɗe baki. Adadin da aka karanta a nan yana ba da ƙiyasin turin gefe mafi ƙanƙanta. Ta biyu kuwa duk wadda ta taɓa raka mahaifiyarta sayen tulu ta san ta: a ƙwanƙwasa a saurara. Ana zura na'urar da ke aika sauti cikin bangon rami ta auna saurinsa. A iska sauti na tafiyar mita 340 a daƙiƙa, a ruwa kusan 1,500, a lafiyayyen giranit 5,000 zuwa 6,000. Dutse mai ƙwari sauti na ratsa shi da sauri, mai rauni ko mai tsaga yana rage masa gudu.

Kuskure a wannan lissafi ba asarar awaki kaɗai yake jawowa ba. A watan Afrilu na 2010, a Tekun Meziko kusa da gaɓar Amurka, iskar gas mai tsananin matsi ta kufce daga wata rijiyar mai, dandamalin haƙar ya kama da wuta, mutum 11 suka mutu. Ko a nan gida, kusan kowa ya taɓa jin labarin mai haƙa rijiyar hannu da ƙasa ta rufta da shi. Jiƙaƙƙen yashi ne yawanci, kuma lissafin ɗaya ne da wanda muka yi a sama.

Ina takardun suke?

A shekarun 1980 hukumar KNARDA, da tallafin Bankin Duniya, ta haƙa ɗaruruwan burtsatse a ƙauyukan tsohuwar Jihar Kano, tun Jigawa ba ta fita ba a 1991. An rubuta bayanan rijiyoyin, kuma masu bincike a jami'o'i har yau suna komawa ga waɗannan rahotanni. Daga wancan lokaci zuwa yanzu an haƙa rijiyoyin da ba su ƙirguwa, na gwamnati, na 'yan siyasa, na masallatai, na masu sadaka. Ku tambayi kanku guda nawa ne a unguwarku wani zai iya fito muku da takardarsu. A ganina wannan ita ce babbar asara, don kowace rijiya an riga an biya kuɗin leƙa ƙasa da ita. Ko wadda ba ta ba da ruwa ba tana da labari, watakila ma nata ya fi amfani. Masu awo da na'urar lantarki kafin haƙa hasashe suke yi daga sama, takardar rijiyar da ke kusa ce ke gaya musu ko hasashen ya yi daidai.

Idan aka zo haƙa a makarantarku ko a unguwarku, ku nemi izinin malami ko mai unguwa, ku kuma gaida mai injin da ladabi kafin ku buɗe littafi. Ku tambayi tsawon sanda. Ku rubuta lokacin da kowace ta fara da lokacin da ta nutse, ku sa yaron injin ya ɗebo muku ɓurɓushinta ku ƙulle a leda ku rubuta zurfi a jiki, ku lura da inda aka fara ganin ruwa da inda aka sa bututu mai tsaga. Ku tsaya nesa da injin. Tiyon kwamfireso idan ya ɓalle yana karya ƙashi, kuma mayafi ko babbar riga kusa da sanda mai juyawa haɗari ne. Ramukan laka a hana ƙananan yara zuwa kusa da su. Rijiyar hannu kuwa kada wanda ya shiga da sunan bincike, domin ban da ruftawa akwai gurɓatacciyar iska da ke kashewa ba gargaɗi.

Wanda abin ya kama zuciyarsa ya riƙe Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Labarin Ƙasa da kyau. Ana karanta ilimin duwatsu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, kuma Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna tana horar da masu haƙa rijiya. 'Yan mata ma na ciki, a ajinmu wadda ta fi kowa iya karanta taswira mace ce.

Bayanan da na tara a ƙauyenmu shafi huɗu ne kacal, da leda goma sha shida. Ledojin suna cikin kwali a ofishin hedimastan firamare. Shafukan na yi musu kwafi uku a Gaya: ɗaya na dagaci, ɗaya na makaranta. Na ukun Baba mai injin ne ya aiko yaronsa ya karɓa, da saƙon in sake rubuta masa zurfin farin yashin da manyan lambobi, don bayan girbi zai haƙa wata a ƙauyen da ke gaba da namu.